Kaset ɗin Baba a Gidan Rawar Ƙarƙashin Ƙasa

Abu na farko da ya cuce ni a New York wani ƙarfe ne da ke ƙarƙashin taga.

Lokacin zafi na sauka, a ɗakin wani bawan Allah mai suna Seidu, mutumin Zangon Kumasi, a hawa na biyar na wani tsohon bene a Morris Heights. Ban san shi ba, bai san ni ba. Ƙanin abokin maigidana ne na Sabon Gari, inda na yi shekara da shekaru ina gyaran rediyo, kuma iyakar dangantakarmu ke nan. Ya nuna mini katifa a falo, ya kira ni Chale, wato aboki a bakin mutanen garinsu, ya ce, "Chale, nan ne gidanka. In ka ji ɗaki yana rawa kar ka gudu, jirgi ne." Jirgin ƙasa mai lamba huɗu yake nufi, wanda ke bi ta saman titi yana kaɗa mana kofuna a kicin.

A gefen katifar akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari, an shafe shi da farin fenti, an ɗora masa falle ɗaya na katako. Na taɓa na ji shi sanyi ƙalau. Na ce kai, Turawa da dabara, har kanta sun yi wa baƙo. Na jera carbina da kwalbar turare da hoton Inna, sannan na ɗora wani tsohon kaset da ƙanwata Binta ta cusa mini a jaka ban sani ba.

Kaset ɗin nan yana da tarihi, kuma dole in faɗe shi ko da ba ya yi mini daɗin faɗa. Babana, Mamman, makaɗin mahauta ne a Wudil. Kalangu ya gada, da kalangu ya ciyar da mu. In an yanka sa ranar kasuwa, shi zai rataya ganga ya sanar da gari cewa nama ya sauka. Kowane mahauci yana da takensa, wato ɗan kiɗan da aka yi masa shi kaɗai, wanda da ya ji ya san da shi ake. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: in makaɗi ya ɗauko takenka, ba zai sauke ba sai ka amsa. Ko kana tsakiyar fiɗa ne sai ka ɗaga hannu ka yi jinjina, ko ka ce na'am. Ni ma ina da nawa. Tun ina rarrafe ya yi mini shi, don an ce in na nufi ƙofar gida babu mai tsayar da ni sai kalangu. Abin da gangar ke cewa shi ne: Lawandi na Mamman, waiwayo in gan ka.

Da na shiga makaranta yara suka soma kirana ɗan maroƙi, daga nan na tsani gangar nan. Na gudu Kano koyon gyaran rediyo don kawai kada a rataya mini ita. Lokacin bikin Binta na zo da wata rikoda da na gyara da hannuna, da abokaina biyu 'yan birni, ina ta hura hanci. Na ɗauki kiɗan biki a fuska ɗaya ta kaset. Washegari da hantsi na juya ɗaya fuskar ina gwada rikodar a tsakar gida, sai Baba ya hango ni, ya jawo kalangu ya ɗauko takena a gaban abokan nan nawa. Ya kaɗa sau ɗaya. Ya kaɗa na biyu. Ya kaɗa na uku. Ni kuwa na bar rikodar a kan tabarma tana juyawa, na fice daga gidan, ko waiwaye ban yi ba. A duk rayuwarsa wannan ne karo ɗaya da na san ya sauke take ba a amsa masa ba. Bayan nan in na sa wannan fuskar, da an kai na uku nake danna maɓalli in kashe, don ba na son jin shirun da ya biyo baya.

Wata huɗu da zuwana, ina wankin mota a wani gareji, Binta ta kira ta ce Baba ya rasu. Zazzaɓin kwana uku. Ba ni da takardun da zan fita in dawo, don haka na yi zaman makokina a wani masallaci a Tremont, cikin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Allah ya saka musu, sun zauna da ni, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ma ta yi kwana uku tana aiko mini da koko da ƙosai. Da na dawo ɗaki na ce bari in ji hannun Baba. Na miƙa hannu kan kantar nan tawa, sai na ji ta ƙone ni.

Ashe hita ce, abin ɗumama ɗaki! Sanyi ya shigo, masu gida sun kunna ta tun sati biyu da suka wuce, ni kuwa fita nake da asuba in dawo a gajiye in faɗi. Turaren ya ƙafe. Kaset ɗin ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa, zaren cikinsa ya manne da juna. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro. Seidu ya shigo ya gani, ya dafe kai ya ce, "Ei! Chale, laifina ne. Mun saba da abin har na manta ana gaya wa baƙo." Duk duniya babu inda hannun Baba ya rage sai cikin robar nan, ga shi ni mai gyaran rediyo na gasa ta da kaina.

Na yi abin da muke yi a rumfa. Na buɗe shi da reza, na ja zaren a hankali, ya tsinke. Na sayo jan farce na liƙa, kamar yadda na liƙa kaset ɗari a Kano, sai jan farcen ya bi ya ƙara manne abin da zafi ya bari. Na tsorata na mayar da shi na rufe.

Wani a masallaci ya ce in je layi na ɗari da sha shida a Harlem, akwai mai shagon da ke da na'urar juya kaset zuwa CD. Na je. Layin ya sanyaya mini rai, teloli na ta ɗinki, ƙamshin miyar gyaɗa na tashi, ana Hausa ana haɗawa da Faransanci. Mai shagon mutum ne mai fara'a da zobba a yatsu. Ya juya kaset ɗin ya ce, "Pas de problème, ɗan'uwa. Wannan ai wasa ne. Dawo bayan sati." Sati ya zama wata guda. Ranar da ya miƙo mini CD har da rubuta sunana a kai, na ce ya sa in ji. Ya sa.

Ganguna ne suka tashi, masu kyau kuwa, amma na wata ƙasa can, da sanda ake dukansu.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Kiɗanka mana. Na'ura ce ta wanke shi, shi ya sa ka ji ya canza."

Wallahi ban san lokacin da na daki kantarsa ba. Na ce, "Kai, dube ni da kyau! Ɗan makaɗi za ka yi wa wannan? A cikin kalangu aka haife ni, ko a mafarki na ji hannun ubana na san shi!" Mutane suka taru. Ya jawo aljihun tebur ya wurgo mini kaset ɗina, ko buɗe shi bai yi ba. Kuɗina kuwa sun tafi. Sai da na zauna a jirgi zuciyata ta sauka, sannan na lura da abin da ya fito daga bakina. Shekara ashirin ina ɓoye sana'ar gidanmu, sai ga shi na shelanta ta a tsakiyar Harlem, mai sana'ar kuma ba ya duniya balle ya ji.

Na naɗe kaset ɗin a safa na jefa ƙasan jaka. Hunturun nan na sha wuya. Ruwan wankin mota yana daskarewa a hannun rigata, yatsuna suka tsattsage. In na kwanta ba abin da nake gani sai kogin Wudil da masunta, da hayaƙin tukubar tsire a bakin gada. Sau biyu ina haɗa kayana in koma, sau biyu Seidu yana zazzage su a kan katifa yana cewa, "Ka koma ka ce musu me? Sanyi ya kore ka?"

Shi Seidu gadin ƙofa yake yi a wani wuri a Brooklyn wanda bai taɓa son faɗin sunansa ba. Wata Litinin ya tashe ni ya ce, "Kai ba ka ce ka iya gyaran sifika ba? Tashi. Miss Denise yana neman mutum." Mutanen Zango ba ruwansu da mace ko namiji a magana, don haka har muka isa ina zaton wani ƙato zan gani.

Wurin ba shi da allo, ba shi da suna a jiki. Baƙar ƙofa ce ta ƙarfe tsakanin wani gareji da shagon gyaran firji. Ka sauka matakala goma sha tara, sai ka tsinci kanka a wani ƙaton ɗaki mai daɓen katako, babu kujera ko ɗaya, a kusurwa huɗu an girke sifiku kowace ta fi ni tsawo. Masu zuwa suna ce masa Gidan Ƙasa, ni da Seidu kuwa Rami muke ce masa. Na ce, "Seidu, gidan rawa ka kawo ni?" Ya ce, "Gidan sifika na kawo ka. Rawar ba dole."

Miss Denise baƙar Ba'amurkiya ce, gajeriya, ta haura hamsin, da furfura a gaban goshi da tabarau rataye a wuya. Ita ce mai wurin, ita ce kuma DJ, mai sa faifai. Ta nuna mini sifikar da ta ƙone ta ce kamfanin da ya yi ta ya mutu tun tuni, duk wanda ta kira sai ya ce ta jefar. Na kwance ta na duba, na ga wayar cikin ce ta ƙone. Na nemi siririyar wayar tagulla, na zauna na naɗa sabuwa da hannu, zagaye bayan zagaye, kamar yadda maigidana ya koya mini da ranƙwashi. Ta tsaya a kaina awa uku tana kallo. Da muka kunna, ta rufe ido ta saurara, ta buɗe ta ce, "Sunanka?" Na ce ta kira ni Larry, haka ake kirana a gareji. Ta ce, "Ban tambaye ka sunan gareji ba." Sai da ta maimaita Lawandi sau biyar har ya zauna mata a baki, kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba.

Don in burge ta, washegari na zo da wuri na ga daɓen ya yi fari fat da wata ƙura, na ɗebo bokiti na wanke shi tas. Da ta shigo ta gani sai da ta dafa bango. Ashe hodar jarirai ce masu rawa ke barbaɗawa don ƙafa ta riƙa sulɓi, katakon kuma ba ya shiri da ruwa sam. Seidu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wannan mutum! Hita ya mayar kanta, hoda ya mayar datti. Chale, kai dai a kulle ka."

Haka na shiga Rami, na yi shekara bakwai. Inna na ce mata a kamfanin lantarki nake aiki, kuma in an bi ta wata hanya ba ƙarya na yi ba. Ba a sayar da giya a wurin, ruwa ne da lemo da ayaba a kan tebur, amma ba zan ce muku masallaci ba ne. Raina ya daɗe yana kai kawo. Miss Denise ta lura ina fita kan matakala in yi salla a takure, sai wata rana na tarar ta kwashe akwatunan faifai daga wani lungu na sito, ta share, ta manna takarda a ƙofar cewa kada kowa ya shiga in an rufe. Tun daga ranar a nan nake salla.

Babbar ranarmu Lahadi ce, daga azahar. Ka ga mutane suna saukowa da jakunkuna, kowa da tawul da takalmin canji: direban bas, ma'aikaciyar asibiti da kayan aikinta, tsoho mai sanda wanda in kiɗa ya kama shi sai ya jingine sandar, samari 'yan ƙasashen da ban iya ƙirgawa ba. An hana ɗaukar hoto. Ba mai kallon kayan wani. Kiɗan da ake ce wa house ne, dukansa ɗaya kamar bugun zuciya, kuma a ƙirji kake jin sa kafin kunne. Ni wurina yana bayan sifikar kusurwar hagu, gaban na'urorin ƙara sauti, ina lura da fitilunsu kada su yi ja. Kullum bayana nake ba filin rawa da ɗan dandamalin da take tsayawa. Na ce wa kaina aiki ne ya sa.

Amma nakan saci kallo. Garmaho biyu ne a gabanta. Faifai ɗaya na juyawa mutane na rawa, ita kuma ta maƙale abin ji a kunne ɗaya tana sauraron na biyu, tana taɓa gefensa da ɗan yatsa har dukansu ya zo daidai, sannan ta zuba wannan cikin wancan ba wanda ya ji gaɓar. In ta ga wani wuri a waƙa ya kama mutane, tana da wata 'yar na'ura da take kama wurin ta riƙa maimaita shi, ta riƙe su a nan har sai ta ga sun ƙoshi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba faifan take kallo ba, ƙafafun mutane take kallo. Haka Baba yake yi, ƙafar mai rawa ce ke gaya masa inda zai juya. Doka ɗaya gare ta, kuma kowa ya san ta: daga lokacin da ta ɗora allura har a tashi, shiru ba ya shiga gidan nan, ko na ƙiftawar ido.

A shekarata ta biyu ne ta ga safar. Ina neman abu a jaka kaset ɗin ya faɗo. Ta ɗauka ta ɗaga shi a fitila ta ce, "Wa ya yi wannan ta'asar?" Na ce hita. Ta ce, "Jan farcen fa, shi ma hitar ce?" Na sunkuyar da kai. Ashe tun tana budurwa aikinta ke nan, yanka zaren kiɗa da reza da haɗa shi. Na gaya mata na ubana ne, ya rasu, babu wani kwafi. Ta ce, "Litinin ka zo da biro."

Litinin tara muka yi. Ta sa farar safar hannu tana ɓamɓare zaren kaɗan-kaɗan, ni kuma na zura biro a sabon ƙoƙon kaset ina naɗewa. Wani lokaci awa guda ba mu wuce tsawon hannu ba. Inda jan farcena ya ci sai ta yanke ta haɗa da wata siririyar salatif, tana yi tana harara ta. Ranar da muka gama ta juye shi a kwamfuta, ta tura shi cikin manyan sifikun nan. Kalangun Baba ya cika Rami. Na ji guɗar mata, na ji muryar Binta, na ji wani mahauci yana kirari. Na zauna a daɓe. Da aka zo ɗaya fuskar, takena ya tashi, ɗaya, biyu, uku, na yi tsalle na kashe.

Ta ce, "Me ya sa? Akwai saura."

Na ce babu komai a sauran, shiru ne. Ta matsa, sai na gaya mata duka, da ƙa'idar take da abin da na yi. Ta daɗe tana goge tabarau. Can ta ce, "Mutumin nan gwani ne. Ka bar ni in sa shi ranar Lahadi, mutanena su ji."

Nan fa na hau. Na ce ubana ba zai yi wa masu gajeren wando kiɗa a rami ba, ta rufa mini asiri. Ta ɗaga hannu biyu ta ce shi ke nan, naka ne. A jirgi muna komawa, da muka wuce Harlem sai Seidu ya juyo ya ce, "Tsohon nan duk rayuwarsa wa ya yi wa kiɗa, limamai? Masu rawa ya yi wa. Kai dai har yanzu kunyarsa kake ji, ka fake da addini." Na ce ya kiyaye ni. Kwana huɗu ba mu gaisa ba a ɗaki ɗaya, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san gaskiya ya faɗa.

Shekaru suka wuce, ba ta sake tayar da maganar ba. Na samu takardu, na yi aure, na koma Tremont. Unguwar Rami ta soma canzawa, garejin ya zama shagon kofi, mai firji ya tashi. Wata Litinin Miss Denise ta tara mu ta ce an sayar da ginin, Lahadi uku suka rage mana. Ta faɗa tana murmushi. Da kowa ya watse na tsaya ina ta jujjuya sukudireba. Na ce, "Miss Denise, kiɗan bikin nan. In har yanzu kina so, ki sa a ta ƙarshe." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ka tabbata? In ka ba ni, yadda na ga dama zan yi da shi." Na ce na ba ta.

Lahadin ƙarshe Rami ya cika har matakala. Waɗanda suka yi shekaru ba su zo ba suka zo, wasu da 'ya'yansu. Hoda ta tashi kamar ana tankaɗe. Ni ina wurina, na ba su baya, ina kallon fitilu. Wajen la'asar sakaliya na ji kalangu ya kutso ta ƙarƙashin dukan, a hankali, kiɗan mahauta na ranar biki, ya hau kan house ɗin nan ya zauna daram kamar don shi aka yi. Wurin ya ɗauki ihu. Na ji daɓe yana motsi a tafin ƙafata. Na ce a raina, Baba, ga ka a Amurka. Na share ido da hannun riga na ci gaba da kallon fitilu.

Sai ta janye komai, ta bar dukan ƙasa kawai. A kansa kuma wani abu ya tashi wanda ban ba ta ba, ko kuwa na ba ta ban sani ba.

Lawandi na Mamman, waiwayo in gan ka.

Na ƙura wa fitilu ido. Na biyu ya zo. Na uku ya zo. Na runtse ido ina jiran shirun da na sani, sai na ji na huɗu. Na biyar. Na shida. Ta kama shi a na'urar nan tata tana maimaitawa. Mutane ba su san me ganga ke cewa ba, rawa kawai suke, wasu har sun soma bin sautin da baki. Na goma. Na ce wallahi matar nan ta ci amanata, bari a tashi. Na goma sha biyar. Gumi ya jiƙa mini riga. Na san halinta, na ga yadda take riƙe ɗaki guda a wuri ɗaya har sai ta samu abin da take so. Sai na gane ba za ta sauke ba. Ƙa'idar da na gaya mata shekara biyar da suka wuce ta riƙe, ta karɓi gangar daga inda Baba ya ajiye.

Ban san a na nawa ba ne. Na dai ji sukudireba ta faɗi daga hannuna. Na waiwaya.

Tana can kan dandamali, ba ƙafafun kowa take kallo ba, ni take kallo. Seidu ya bar ƙofa yana tsaye kusa da ita. Na dunƙule hannu na ɗaga sama yadda mahauta ke yi, na buɗe murya iyakar ƙarfina na ce, "Na'am, Baba! Ga ni!"

Sai ta ɗauke dukan gaba ɗaya. Shiru ya shiga Rami, karo na farko kuma na ƙarshe. Mutum ɗari nawa suka tsaya cak da tawul a hannu. A cikin shirun nan zaren ya ci gaba daga inda nake kashewa kullum. Na ji kukan kaza. Na ji ƙarar ƙyauren gidanmu, ni ne na buga shi ina fita. Na ji muryar Inna tana cewa, "Malam, kana gani yaron nan ya tafi bai amsa maka ba?" Sannan Baba ya yi 'yar dariyar nan tasa ta cikin hanci, ya ce, "Ƙyale shi, Hajara. Ai ya ji. Wata rana zai amsa."

Daga baya na ji cewa tun shekarar da muka gyara kaset ɗin ta saurari ƙarshen ita kaɗai, ta kira Seidu ya fassara mata, su biyun suka haɗa baki suka yi shiru suna jira in ba da kaina. A lokacin dai ban san komai ba. Na durƙusa a cikin hoda ina kuka, tsohon nan mai sanda ya dafa kafaɗata bai san dalili ba. Miss Denise ta dawo da kalangun biki da dukan gaba ɗaya, ɗakin ya fashe. Seidu ya zo ya ɗaga ni ya ce, "Tashi, ɗan makaɗi, ubanka yana kiɗa kana zaune?" Na cire takalmi na shiga fili. Rawar mahautan Wudil na yi, wadda rabona da ita tun ina ɗan shekara bakwai, kuma aka buɗe mini da'ira ana tafi.

Washegari muka kwance sifikun. Biyu suna shagona na gyara a Tremont har yanzu, sun cinye mini rabin wuri, matata ta gaji da cewa in sayar. Miss Denise ta koma kudancin ƙasar wajen 'yarta, takan kira ni duk sallah ta tambayi sifikunta kafin ta tambaye ni. Seidu ya koma Kumasi da ciwon gwiwa. Inda baƙar ƙofar take yanzu gilashi ne, da wani mai gadi cikin kwat wanda bai san akwai matakala goma sha tara a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Ba ni da abin yi a unguwar, amma shekara ba ta ƙarewa ban ɗauki jirgi na je ba. Nakan wuce ta gaban ginin kamar mai sauri, in kai ƙarshen layi, sannan in tsaya in waiwaya.